Rawar ƙwayoyin sinadari a fuskar ilektirod: tambayoyi da amsoshi

An tsoma filatinam cikin ruwan asid, an ɗiga metanol, an ɗaga bolt. Na'ura ta nuna lantarki na gudu, ta faɗi yawansa daidai wa daida, sannan bayan 'yan daƙiƙu ya fara raguwa. Wane ne ya zauna a fuskar ƙarfen ya tare hanya? Na'urar auna lantarki ba ta da bakin faɗa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da sababbin masu bincike suka fi yi game da hanyar da ake bi a gano amsar, wato haska fuskar ilektirod, ƙarfen da aka tsoma a ruwa ake sa masa lantarki, a karanta rawar ƙwayoyin da suka manne mata.

Mene ne ainihin abin da ake aunawa?

Atam ɗin da ke cikin ƙwayar sinadari ba sa tsayawa cik. Haɗin da ke tsakaninsu yana miƙewa yana tsukewa, yana lanƙwashewa yana komawa, kamar tsirkiyar da aka taɓa. Saurin wannan rawa ya dogara ga abu biyu: nauyin atam ɗin da kuma ƙarfin haɗin. Haɗi mai ƙarfi tsakanin atam marasa nauyi ya fi kowanne sauri. Ana rubuta saurin da ma'aunin cm⁻¹, wato adadin igiyoyin haske da za su shiga santimita ɗaya. Haɗin kabon da haidirojin yana rawa a wajen 2900 zuwa 3000, haɗin C=O na irin su asitaldihaid a wajen 1700, iskar CO kuma a 2143.

Hanya biyu ce babba. A ta farko ana tura hasken infirared, ƙwayar ta shanye wanda ya yi daidai da rawarta, a duba abin da ya ɓace. A ta biyu ana haska leza mai launi ɗaya, a duba ɗan hasken da ya warwatsu da launi dabam saboda ya bar wa ƙwayar wani ɓangare na ƙarfinsa. Wannan ita ce hanyar Raman, sunan C. V. Raman wanda ya gano abin a Kalkata a 1928 tare da K. S. Krishnan, aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Ko wace aka bi, sakamakon zane ne mai tuddai, kowane tudu yana nuna rawa guda.

Auna lantarki kaɗai bai isa ba?

Yana faɗin ilektiron nawa suka ƙetara da kuma a wane bolt. Ba ya faɗin sunan wanda ya bayar da su, balle yadda yake zaune. Bayani biyu masu karo da juna kan iya dacewa da zanen lantarki ɗaya, kuma an sha yin shekaru ana gardama a kan haka.

Me ya sa aikin yake da wuya haka?

Lissafi kaɗan zai nuna. A santimita murabba'i ɗaya na fuskar filatinam mai santsi akwai atam kusan 1.5 × 10¹⁵. Ko da kowanne ya ɗauki ƙwaya guda, iyakar abin da ake nema ke nan. Ruwan da ke kwance a kan wannan fili kuwa, ko kaurinsa bai wuce maikiromita ɗaya ba, yana da ƙwayoyi sama da 3 × 10¹⁸, wato ya ninka su fiye da sau 2000. Ga shi ruwa mashayin infirared ne na gaske: yana shanye haske a wajen 1640, da kuma faffaɗan yanki daga 3000 zuwa 3600. Ɗan kauri kaɗan ya ishe shi ya haɗiye hasken ɗungurungum.

Raman bai damu da ruwa sosai ba, amma tasa matsalar ta fi muni: cikin ƙwayoyin haske miliyoyi, da ƙyar ɗaya ke warwatsuwa ta wannan hanya. Shimfiɗa ɗaya ta ƙwayoyi a kan ƙarfe mai santsi kusan ba ta ba da komai.

Wani zai ce to a ciro ilektirod ɗin, a busar, a kai shi akwatin da aka zuƙe wa iska. Ana yin haka. Sai dai da zarar an raba shi da ruwa da bolt, masu raunin riƙo sun tafi, wasu sun sauya zama, iska ta kawo nata baƙin. Abin da aka auna ya zama wani abu dabam da wanda yake nan lokacin da aiki ke gudana.

To yaya ake kauce wa ruwan a infirared?

Dabarar farko ita ce matse shi. Ana danna ilektirod a jikin taga mai barin infirared ya wuce, galibi ta kalsiyam fulorayid, har ruwan da ya rage tsakani ya zama 'yan maikiromita kawai. Hasken ya ratsa tagar, ya daki ƙarfen a karkace, ya dawo. Daga nan sai a yi awo sau biyu, a bolt biyu mabambanta, a cire ɗaya daga ɗaya. Ruwa bai canja ba tsakanin awon biyu, don haka ya fice daga lissafi. Abin da bolt ya canja shi kaɗai ke saura. Alan Bewick da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila ne suka nuna haka a 1980 da hanyar da ake kira EMIRS, daga baya Stanley Pons ya ɗauki tunanin zuwa na'urorin infirared na FTIR, masu auna duk yankin hasken a lokaci guda, da sunan SNIFTIRS.

Dole a saba da karanta irin wannan zane, domin zanen bambanci ne. Tudu mai kallon wani gefe yana nufin abu ya ƙaru, mai kallon ɗaya gefen yana nufin ya ragu, kuma wane gefe ne wanne ya danganta da yadda mai awo ya tsara lissafinsa. Idan ƙwaya tana nan a bolt biyun amma rawarta ta ɗan gusa, sai a ga tudu da kwari manne da juna. Abin da kuma bai canja ba sam, ko da ya cika fuskar maƙil, ba zai fito ba.

Matsatsen ruwan yana da nasa tsada. Sinadarin da ake ci yana ƙarewa bai samu mai maye gurbinsa da wuri ba, wanda ake samarwa yana taruwa, tsamin ruwan yana sauyawa, kumfar iska ɗaya ta isa ta ɓata awo. Shi ya sa dabara ta biyu ta yi kasuwa: a shafa siririn ƙarfe, kaurin 'yan gomman nanomita, a kan dutsen silikon mai kusurwa, a turo hasken ta baya. Hasken ba ya ratsa ruwan, leƙowa kawai yake yi ta cikin ƙarfen ya koma. Ruwa na iya yawa yadda ya ga dama, har a riƙa motsa shi. Da yake ƙarfen da aka shafa tsibiri-tsibiri ne, yana ƙara wa siginar ƙarfi sau goma zuwa ɗari, kuma ƙarin bai wuce 'yan nanomita daga fuskar ba. Wannan ita ce ATR-SEIRAS, wadda Masatoshi Osawa na Jami'ar Hokkaido a Japan ya fi kowa raya ta. Aibinta biyu ne: silikon yana shanye haske a ƙasa da wajen 1000, sannan fuskar ba mai tsari ɗaya ba ce.

Da gaske ana iya sanin ko ƙwaya tana tsaye ko tana kwance?

Ana iya, kuma a ganina nan ne fannin ya fi daɗi. Ƙarfe yana yi wa cajin lantarki abin da madubi ke yi wa fuska. Idan rawa tana kai caji sama da ƙasa, wato a tsaye bisa fuskar, hotonta a cikin ƙarfen yana mara mata baya, siginar ta ƙaru. Idan kuwa tana kai shi gefe da gefe, hoton yana soke ta. Saboda haka a kan ƙarfe, infirared yana ganin rawar da ke da rabo a tsaye ne kawai. Robert Greenler ya yi lissafin yadda haske ke dawowa daga ƙarfe a karkace tun 1966, kuma a kan aikinsa aka gina wannan ƙa'ida.

Ɗauki firidin, zobe mai kusurwa shida da naitirojin a kusurwa ɗaya. A kan zinariya mai fuskar (111), wato fuskar da atam ɗinta suka jeru a matse cikin tsari ɗaya, idan bolt yana ƙasa, zoben kan kwanta. Rawar da ke cikin shimfiɗar zoben ta yi shiru. Ana ɗaga bolt sai ya miƙe, ya kafa naitirojin a kan ƙarfen, tuddan da suka ɓace su bayyana. Ƙungiyar Jacek Lipkowski a Jami'ar Guelph ta Kanada ta yi aiki mai yawa a kan wannan miƙewa.

Akwai tarko a nan. Rashin tudu ba shi ne rashin ƙwaya ba, mai yiwuwa kwance take.

Ina labarin SERS, wato Raman da fuskar ƙarfe ke ƙara wa ƙarfi, kuma me ya sa ake cewa tsautsayi ne ya kawo ta?

A 1974, a Southampton ɗin dai, Martin Fleischmann da Patrick Hendra da James McQuillan suka so ganin firidin a kan azurfa da Raman. Sanin raunin siginar ya sa suka kakkarce fuskar azurfar ta hanyar hawa da saukar bolt, don ta ƙara faɗi ta ɗauki ƙwayoyi da yawa. Siginar ta zo da ƙarfi, tuddai a wajen 1008 da 1036, suka ɗora abin a kan ƙarin faɗin. A 1977 David Jeanmaire da Richard Van Duyne na Jami'ar Northwestern a Amurka, da kuma Albrecht da Creighton na Jami'ar Kent, kowane ɓangare da kansa, suka yi lissafi suka ga faɗi ba zai iya bayanin abin ba. Kowace ƙwaya tana ba da sigina da ta ninka ta cikin ruwa sau dubu ɗari zuwa miliyan.

Babban dalilin shi ne ilektiron ɗin ƙananan ƙusoshin ƙarfen suna lilo tare da hasken leza, abin da ake kira filasmon, su tara ƙarfin hasken a 'yan wurare, musamman a tsagin da ke tsakanin ƙusoshi biyu. Martin Moskovits ya kawo wannan bayani a 1978. Ƙarin yana aiki sau biyu, a hasken da ke shiga da wanda ke fita, shi ya sa idan filin lantarkin hasken ya ninka sau 10, siginar kan ninka kusan sau 10,000. Akwai ƙarin da ke zuwa daga musayar ilektiron tsakanin ƙarfe da ƙwaya, amma ƙarami ne idan aka kwatanta. Zuwa 1997 an kai ga ganin ƙwaya ɗaya tilo da wannan hanya.

Sai dai a riƙe wannan: mafi yawan siginar tana fitowa ne daga waɗancan 'yan wurare masu zafi, waɗanda ƙwayoyin cikinsu tsiraru ne. SERS muryar tsiraru take ɗagawa, ba ta ƙidaya jama'a.

Idan ƙarfena ba azurfa ba ne fa?

Azurfa da zinariya da tagulla su ne masu ba da ƙari mai yawa da hasken da ido ke gani. Filatinam da danginsa, waɗanda su ne aka fi buƙata a aikin makamashi, nasu kaɗan ne. An fara da shafa siririn filatinam a kan zinariya don a ari ƙarfinta. A 2010 ƙungiyar Zhong-Qun Tian a Jami'ar Xiamen ta Sin ta fito da SHINERS: ƙananan dunƙulen zinariya masu faɗin wajen nanomita 55, an lulluɓe kowanne da ɓawon silika na nanomita biyu ko kusa da haka, a barbaɗa su a kan duk fuskar da ake so. Zinariyar ta tara haske, ɓawon ya hana ta shiga harkar sinadaran. Da haka ake iya duba fuska mai tsari ɗaya, irin wadda ake gyarawa da harshen wuta ta hanyar da Jean Clavilier ya ƙirƙiro a 1980. Sharaɗin shi ne ɓawon ya zama ba huji. In akwai, to zinariyar ake aunawa ba a sani ba.

Me ya sa kowace takarda sai ta ambaci CO?

Domin shi ne ya fara amsa tambayar da aka buɗe da ita. Shekaru ana ganin filatinam yana mutuwa idan yana ƙona metanol, ana gardama a kan gubar, wasu na cewa COH ce. A 1981 Beden da Lamy da Bewick da Kunimatsu suka haska infirared suka ga CO zaune a fuskar. Metanol yana zubar da haidirojin ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, CO ya rage ya riƙe ƙarfen gam. Wannan ya ƙara bayyana amfanin gauraya filatinam da ruteniyam, wanda ke kama oksijin daga ruwa a ƙaramin bolt ya taimaka a mai da CO ɗin CO₂.

Bayan haka, CO ɗan rahoto ne mai kyau. A iska yana 2143. In ya tsaya a kan atam ɗin filatinam ɗaya sai ya sauko wajen 2050 zuwa 2080. In ya yi gada a kan atam biyu, ya ƙara sauka wajen 1800 zuwa 1880. Dalilin, kamar yadda George Blyholder ya bayyana a 1964, ƙarfen yana mayar wa CO ilektiron a gurbin da ke raunana haɗin kabon da oksijin. Yawan atam ɗin da suka riƙe shi, yawan raunin, yawan saukar rawar. Da tudu ɗaya an san mazauninsa.

Tuduna yana gusawa idan na canja bolt. Sabon sinadari ne?

Galibi a'a. Bolt ɗin da aka sa yana faɗuwa ne a tazarar da ba ta wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, don haka filin lantarkin wurin yana kai wajen bolt biliyan ɗaya a mita. Irin wannan fili yana taɓa rawar kai tsaye, abin da ake dangantawa da sunan masanin kimiyya Johannes Stark, kuma bolt yana canja yawan ilektiron ɗin da ƙarfe ke mayarwa. Ga CO mai tsaye a kan filatinam cikin asid, gusawar kan kai wajen 30 cm⁻¹ a kowane bolt ɗaya. Wannan ma alheri ne, domin ƙwayar da ke yawo cikin ruwa ba ta gusawa. CO₂ da ya narke yana nan a 2343 ko an kai bolt ina. Tudun da ke bin bolt, mai shi a manne yake.

Cunkoso ma yana gusar da tudu. Ƙwayoyin CO da ke maƙwabtaka suna rawa tare, hakan na tura tudun sama yayin da suke ƙaruwa. Idan CO ya fara ƙonewa a babban bolt, bolt na tura tudun sama, raguwar jama'a na jan sa ƙasa. Wanda bai raba biyun ba zai fitar da lamba marar ma'ana.

Na ga tudu yana fitowa daidai lokacin da lantarki ke gudu. Na kama matsakaicin da aikin ke bi ta kansa ke nan?

A yi hattara, nan ne manya ma suke tuntuɓe. Matsakaici, wato sinadarin da ke samuwa a tsakiyar hanya kafin a kai ga na ƙarshe, in mai saurin aiki ne ba ya daɗewa a fuska, saboda haka ba ya taruwa. Wanda ya taru har ya ba da babban tudu sau da yawa mai nauyin jiki ne, ɗan kallo ko ma guba.

Misalin da ya fi shahara shi ne fomet, abin da fomik asid ke zama idan ya zubar da haidirojin ɗaya. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar Osawa ta ga tudu a wajen 1320 lokacin da filatinam ke ƙona fomik asid, na fomet da ya kafa oksijin ɗinsa biyu a kan ƙarfe, ta ce ta kansa ake bi zuwa CO₂. Ƙungiyar Jürgen Behm a Jami'ar Ulm ta Jamus ta gwada saurin ɓacewar tudun da yawan lantarkin da ke gudu, ta ce lissafi bai haɗu ba, mafi yawan aikin ta wata hanya yake bi. An shafe shekaru ana kai-komo. Babu wanda ya musa cewa fomet yana wurin, rigimar a kan aikinsa ce, kuma zane kaɗai ba ya raba irin wannan gardama. Sai an haɗa da awon lokaci da ƙididdigar abin da ke fitowa.

Wani misalin ya fi ban kunya. Ƙwayar aminotayofinol a kan azurfa tana ba da tuddai a wajen 1140 da 1390 da 1435, kuma an daɗe ana kafa hujja da su a kan musayar ilektiron tsakanin ƙarfe da ƙwaya. A 2010 masu bincike a Xiamen suka nuna cewa lezar ce da kanta take haɗa ƙwayoyin biyu-biyu ta wajen naitirojin, su zama wani sinadari dabam. Abin awon ne ya ƙera abin da ake aunawa.

Yaya zan tabbatar tudu na wanda nake zato ne?

Hanya mafi ƙarfi ita ce canja nauyin atam. A sa kabon-13 a madadin kabon-12: sinadarin bai canja hali ba, amma tudun CO zai sauka da kusan 45 zuwa 50. In bai motsa ba, ba daga abin da ka zuba ya fito ba. Haka ruwa mai nauyi, D₂O, yana kwashe tuddan ruwa zuwa wajen 1200 da 2500, ya buɗe yankin 1600 zuwa 1700 inda C=O ke ɓuya, ya kuma tona duk rawar da ke da haidirojin mai musanyuwa. Sai awo ba tare da sinadarin ba, da rage ƙarfin leza a ga ko zanen ya tsaya yadda yake. Lissafin kwamfuta na DFT, mai hasashen inda tudu zai fito, yana taimakawa wajen tantance zato, amma kuskurensa na iya kai gomman cm⁻¹, kuma matsakaita da yawa suna rawa kusa da juna.

Infirared ko Raman, wanne zan zaɓa?

Tambayarka ce za ta zaɓa. Infirared ya fi kyau ga haɗi masu rabon caji kamar C=O, ga yadda ƙwaya ke zaune, ga kuma kwatanta yawa. Raman ya fi ganin zobba da haɗin kabon da kabon, kuma yana sauka ƙasa inda ƙwaya ke rawa da ƙarfen kansa: a kan tagulla mai rage CO₂, tuddan wajen 280 da 360 na haɗin tagulla da CO ne, yankin da silikon ya rufe wa infirared. Akwai ta uku, SFG, wadda Ron Shen ya assasa a Berkeley a 1987. Ana haɗa leza biyu, kuma bisa ɗabi'arta ba ta ganin tsakiyar ruwa sai iyakar ruwa da ƙarfe. Kayanta masu tsada ne, fassarar zanenta kuma sai gwani.

Ina amfanin duk wannan a wajen ɗakin bincike?

Da shi aka ga dalilin da ya sa etanol ke ba da makamashi kaɗan a kan filatinam: haɗin kabon biyun yana ƙin tsinkewa, aikin ya tsaya a asitaldihaid da asitik asid maimakon CO₂. Da shi ake bin yadda tagulla ke mai da CO₂ zuwa etilin, aikin da Yoshio Hori ya buɗe ƙofarsa a tsakiyar shekarun 1980. Da shi ake duba yadda benzotirayazol ke shimfiɗa kansa a kan tagulla ya hana ta lalacewa, da yadda ruwan batirin litiyam ke rugujewa ya yi ɓawo a jikin ilektirod.

Wane kuskure sabon shiga ya fi yi?

Auna datti. Shimfiɗa ɗaya ake nema, don haka ɗan maiƙon yatsa ko abin da roba ta saki ya isa ya mamaye fuskar kafin sinadarinka ya iso. A infirared, idan ba a kori iskar ɗaki daga hanyar haske ba, CO₂ ɗin numfashi zai fito da tagwayen tuddai kusa da 2350, tururi kuma ya cika yankin 1400 zuwa 1800 da ƙananan haƙora. A Raman, faffaɗan tuddai biyu a wajen 1350 da 1580 yawanci gawayi ne, alamar leza ta toya samfurin. Sannan akwai ilektirod na biyu, wanda ke rufe da'irar lantarki. In na filatinam ne, yana iya narkewa kaɗan-kaɗan ya ƙaura ya sauka a kan tagulla ko zinariyar da ake nazari, ya kama CO ya ba da tudu mai kyan gani. Kafin a rubuta cewa an ga sabon mazauni, a sauya shi da sandar girafait ko a raba su da tantani, a sake awon.